Karen Fablof Da Ɗan Makaranta

Ya ku samari 'yan makaranta, in muka ce muku "tsamiya", ko muka ce ga wani can ya yanka lemun tsami yana matsawa a baki, lalle waɗansunku za su ji miyau ya tsinke musu tun ba su kai ƙarshen layin nan ba. Tsamiyar kuwa ba ta taɓa harshenku ba, ko ganinta ba ku yi ba, baƙin tawada ne kurum a kan takarda. Amma jaririn da bai taɓa ɗanɗana ta ba, ko wuni aka yi ana kiran sunanta a kunnensa, bakinsa ba ya motsi. Ashe bakinku ya yi wani karatu wanda ba ku san ranar da ya yi shi ba, ba a kuwa nemi yardarku ba. Wannan ɗan ƙanƙanen abu shi waɗansu masana suka ɗauka, suka ce dukan ilmin ɗan Adam da halinsa da haka a ke gina su. Maganar tana da nauyi, gama in ta tabbata, ba sauran mai laifi ko mai abin yabo a duniya, sai dai wanda aka saba masa da kaza da wanda aka saba masa da kaza. Saboda haka ya kamata mu bi ta daga tushe, mu ga iyakar gaskiyarta.

Tushen nan yana ƙasar Rasha, wurin wani masani Iban Fablof, wanda Turawa ke rubuta sunansa Pavlov. An haife shi a garin Riyazan cikin shekara ta 1849. Ubansa limamin coci ne, shi ma da fari makarantar koyon aikin uban ya shiga, amma cikin 1870 ya bar ta ya tafi jami'ar birnin Fitasbag, ya koyi ilmin yadda jikin mai rai ke aiki. Abin da ya sa gaba shi ne yadda ciki ke narkar da abinci, a kan wannan ne ma aka ba shi kyautar Nobel cikin 1904. Da karnuka ya ke bincikensa. Ya kan yi wa kare aiki a kumatu, ya juyo hanyar miyau ta fito waje, ya maƙala ɗan bututu, domin a riƙa ƙirga miyan ɗigo-ɗigo. Ba mu ce karnukan nan sun ji daɗin zamansu ba, wannan kuwa wata magana ce mai zaman kanta.

Ana cikin haka sai aka lura da wani abu mai ɓata lissafi. Karen da ya daɗe a gidan ba ya jiran nama ya shiga bakinsa. Da ya hangi kwano, ko ya ji takun mai kawo abinci, sai miyau ya soma zuba. Da wani ne, sai ya yi tsaki ya ce dabba ta ɓata masa aiki. Fablof kuwa ya ce a nan aikin ya ke. Ya ba da labarinsa a taron likitoci a Madarid cikin 1903, bai kuwa sake shi ba har ya rasu cikin 1936.

Ga yadda a ke gwajin. A tsai da kare a ɗaki shi kaɗai, a sa ya ji wata ƙara wadda ba ta da ma'ana gare shi, ba a jima ba a ba shi garin nama. Labarin da ya bazu shi ne ƙararrawa a ke kaɗawa, amma an fi yin aiki da wani ɗan ƙarfe mai ƙas-ƙas kamar agogo, wanda makaɗan Turai ke auna saurin kiɗa da shi, wani lokaci kuma a kunna fitila ko a taɓa fatar karen. Ranar farko kare ya kan ɗaga kunne kurum. In aka yi ta maimaitawa, ƙara sa'an nan nama, ƙara sa'an nan nama, sai a kai ga ranar da ƙarar kaɗai za ta zubo da miyau. Don kada wani motsi na waje ya shiga tsakani, har gini aka yi masa mai kaurin bango wanda a ke kira Hasumiyar Shiru. Fablof ya raba miyan gida biyu. Wanda nama ke jawowa na halitta ne, da shi aka haifi kare. Wanda ƙara ke jawowa na sharaɗi ne, ba ya samuwa sai an haɗa ƙarar da nama. Mu a nan za mu kira wannan koyo ɗaurin alama, watau a ɗaura wani abu da jiki ya riga ya iya ga wata alama sabuwa.

Ɗaurin nan yana da ka'idodi. Alama ta riga abinci zuwa, in ta biyo baya da ƙyar a ke samun kome. In aka yi ta yin ƙara ba nama, miyau ya kan ragu har ya ƙafe. Sai dai ba ya mutuwa sarai, gama in aka bar karen ya huta, aka sake gwadawa, sai ga 'yan ɗigo sun komo. Har wa yau karen da ya saba da wata murya ya kan amsa wa mai kama da ita. Kakanninmu sun riga sun ga wannan, da suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da Fablof ya ƙara shi ne awo. Ya nuna kuma ana iya koya wa dabba ta rarrabe tsumma da maciji, in aka riƙa ba ta abinci bayan wannan alama, aka hana ta bayan waccan.

Akwai gwaji guda a nan wanda mu ke so ku riƙe, don za mu komo kansa. An koya wa wani kare cewa da'ira alamar abinci ce, zane mai siffar ƙwai kuwa ba kome bayansa. Ya gane sarai. Sai aka riƙa kumbura ƙwan kaɗan kaɗan yana kusantar da'ira, har tsawonsa da fāɗinsa suka zama kamar 9 da 8. Karen ya yi ta fama makonni, daga nan sai ya rikice. Dabbar da ke tsayawa lafiya lau ta koma kuka da fizge-fizge da cizon kayan aiki, ko bambancin da ta iya da fari ma ya ɓace mata. Haka kuma cikin watan Satumba na 1924, sa'ad da kogin Neba ya yi ambaliya ya ci birnin, wanda a lokacin a ke kira Leningirad, ruwa ya shiga ɗakunan karnukan, da ƙyar aka fid da su. Waɗansunsu suka manta abin da aka koya musu. Bayan sun warware, aka zuba ɗan ruwa ya gangaro ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin gwaji, nan take ɗayansu ya koma cikin firgita. Dare ɗaya na tsoro ya rinjayi koyon watanni.

Fablof mutum ne mai auna magana, ɗigon miyau ya ke ƙirgawa. Wanda ya ɗauki abin ya kai shi kan ɗan Adam da ƙarfi wani Ba'amurke ne, John Watson, malami a jami'ar Johns Hopkins ta birnin Baltimo. Cikin 1913 ya yi shela cewa masu nazarin halin mutum su daina tambayar abin da ke cikin zuciya, tun da ba mai iya ganinsa balle ya auna shi, su tsaya ga aikin da ido ke gani: me ya taɓa mutum, me mutum ya yi. Mabiyan wannan ra'ayi su ne za mu kira 'yan duban aiki. A littafinsa na 1924 ya yi alfahari cewa in aka ba shi jarirai goma sha biyu masu lafiya, aka sakar masa renonsu, zai mai da kowannensu abin da ya ga dama, ko likita ko lauya ko attajiri, ko ma ɓarawo ko mai bara, ba ruwansa da asalinsu. Shi da kansa ya yarda ya wuce abin da hujjarsa ta kai. Mu kuwa ba za mu hana shi hakkinsa ba. A zamaninsa mutane da yawa a Amurka suna cewa jini da launin fata su ke yanke wa yaro iyakarsa tun yana ciki, shi kuwa ya ce reno ne. Tsakanin masu cewa hali zanen dutse da masu cewa icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, ya tsaya wajen na biyu, kowane malamin makaranta kuwa tilas ya tsaya kusa da nan, in ba haka ba me ya kawo shi aji?

Amma ku ji yadda ya nemi tabbatar da maganarsa. Cikin 1920 shi da ɗalibarsa Rosalie Rayner suka ba da labarin gwajin da suka yi da wani jariri wanda suka kira Albat. Yana da wata tara aka nuna masa farin ɓera da zomo da kare, bai ji tsoron ko ɗaya ba, har hannu ya ke miƙawa. Da ya kai wata goma sha ɗaya sai aka ajiye masa ɓeran, yana kai hannu aka buga guduma a kan sandan ƙarfe bayan kansa. Yaro ya zabura ya kife. Sau bakwai aka haɗa ɓera da ƙarar nan, daga nan ganin ɓeran kaɗai ya isa ya sa shi kuka da rarrafen gudu. Aka kawo zomo, ya yi kuka. Aka kawo rigar gashi, ya kau da kai. Masu gwajin sun rubuta cewa in tsoro ya kama shi ya kan sa babban yatsa a baki ya sami natsuwa, har sai sun cire yatsan kafin su ga abin da su ke nema. Aka tafi da yaron daga asibitin ba a kwance masa abin da aka ɗaura ba.

Masana na baya sun ce yaro ɗaya bai isa hujja ba, sun kuma ce tsoron nasa bai kai yadda a ke zuzutawa ba. Ko da hujjar ta cika, hukuncinmu ɗaya ne: wannan zalunci ne. Jariri ba ya iya cewa i ko a'a, ya miƙa hannu da amana aka saka masa da firgita. Dokokin bincike na yau ba su yarda da irin wannan ba. Abin lura kuma, hukuncin nan da muka yanke, wanda mun tabbata ku ma kun yanke shi tun kafin mu faɗa, ba shi da mazauni cikin ra'ayin Watson. In mutum tarin sabo ne kurum, Watson ma an saba masa ne da buga guduma, ba dama a ce ya yi laifi. Duk wanda ya ji a ransa cewa bai kamata a cire yatsan yaron nan daga bakinsa ba, ya riga ya yarda akwai wani abu ga mutum wanda ya wuce amsa alama.

To, ina iyakar gaskiyar ɗaurin alama? Mu duba abin da karen ya samu. Bai koyi zubar da miyau ba, da shi aka haife shi. Abin da ya ƙaru shi ne lokacin zubarwa. Haka Albat bai koyi tsoro ba, an dai nuna wa tsoronsa sabon wurin sauka. Watau wannan koyo ya fi ƙarfi a kan abubuwan da jiki ke yi ba da shawara ba: miyau, da faɗuwar gaba, da tashin zuciya, da kwaɗayi, da ƙyama. A nan kam ba mai musunsa. Masu ciwon daji da a ke yi wa magani mai sa amai, waɗansunsu zuciyarsu ta kan tashi tun daga jin warin asibiti, alhali sun san sarai ba a ba su kome ba tukuna.

Har ga dabbobin ma an gane daga baya cewa abin ya fi ɗauri kawai. Cikin 1966 John Garcia ya nuna ɓera na saurin haɗa ɗanɗanon ruwa da ciwon ciki, amma ba ya haɗa haske da ƙara da ciwon cikin nan, su sai da zafin lantarki a ƙafa ya ke haɗa su. An kuma ga ko da ciwon ya zo bayan sa'o'i, sau ɗaya ya isa ɓera ya ƙi abincin. Ashe halitta ta riga ta shirya abin da zai ɗauru da wuri da wanda ba zai ɗauru ba, icce ba kowane gefe ya ke tanƙwaruwa ba. Cikin 1968 kuma Robert Rescorla ya nuna in zafin lantarki na zuwa daidai wa daida, ko an yi ƙara ko ba a yi ba, ɓera ba ya tsoron ƙarar, kome yawan haɗuwarsu. Sai ƙarar ta zama tana ba da labarin abin da ke tafe ya ke kula ta. Ko ɓera ma ashe ba kowace ƙararrawa ya ke bi ba, sai mai gaskiya.

Balle ɗan makaranta. Ana iya sa yaro ya riƙa cewa hamsin da shida duk sa'ad da ya ji bakwai sau takwas, kamar yadda a ke koya wa aku sallama. Amma ku tambaye shi takwas sau bakwai, ko ku ce ga buhu bakwai kowanne da mudu takwas. In ya tsaya yana zare ido, bakinsa ne ya yi karatu. Wani yaron kuwa ya jera tsakuwa layi bakwai, ya zagaya ya dube su ta gefe, ya ga sun zama layi takwas ba a ƙara ko ɗaya ba. Wannan ya ga dalili, zai kuma iya kai shi ga lissafin da ba a taɓa yi masa ba, har ya iya ce wa malaminsa, cikin ladabi, "Malam, a sake duba na allo." Ba yawan maimaitawa ke kawo wannan ba. Sau ɗaya a ke ganinsa, in kuwa an gani ba ya ƙafewa don an daina ba da nama.

Saboda haka mu ke cewa Fablof ya fi amfani ga malami wajen gargaɗi da a ce wajen dabarar koyarwa. Kowane aji ɗakin gwaji ne, ko malami ya sani ko bai sani ba. Yana koyar da lissafi da baki, jikin yara kuwa yana ɗaura wani abu dabam ga allo da alli da muryarsa. In kullum aka buɗe littafin lissafi sai tsawa da tsumagiya su biyo baya, abin da zai ɗauru ga littafin shi ne faɗuwar gaba. Zai kuwa bazu yadda na Albat ya bazu daga ɓera zuwa zomo, ya kama littafi duka, da ɗakin, da hanyar makaranta. Mun sha ganin yaron da ke lissafin cinikin uwarsa a ka ba kuskure, amma a tsai da shi gaban allo sai harshensa ya sarƙe. A kan ce daƙiƙi ne. Ba daƙiƙi ba ne, tsumma ya gani. Mafi muni kuma shi ne malamin da ba a san gabansa ba, abin da ya yi wa dariya jiya shi ya ke duka a kai yau. Wannan ya mai da ƙwai da'ira, kada ya yi mamaki in yaransa suka rikice.

Dattawa za su ce da bulala aka yi su, ga su kuwa sun zama mutane. Ba mu raina maganarsu ba, ba mu kuma ce a bar yaro ba kwaɓa ba. Horo a kan laifin da yaro ya san ya yi, aka kuma gaya masa dalili, wani abu ne dabam da dukan wanda bai gane darasi ba. Sai dai a tuna waɗanda suka jure su ne ke ba da labari. Abokan karatunsu da suka tsere, suka girma suna jin ɗaci in sun ga takarda, ba a kan tambaye su ba.

Kada kuwa ku 'yan makaranta ku ce duk nauyin yana wuyan malamai. Gaskiya ne ba a zargin mutum don gabansa ya faɗi, kamar yadda ba a zarginsa don miyansa ya tsinke. Amma akwai abin da ku ke iyawa wanda karen Fablof bai iya ba. Kare ba ya ce wa kansa, "Wannan ƙarfe ne kawai, bari in ga ko nama na tafe." Ku kuna iyawa. Kuna iya tsayawa ku tambayi abin da ku ke ji daga ina ya zo, wa ya ɗaura shi, ko yana ba da labarin gaskiya. Daga nan alhakinku ya soma.

Tambayar nan ba ta aji kaɗai ba ce. Watson ya bar jami'a cikin 1920, ya shiga kamfanin talla a birnin Niyok, ya kuwa yi arziki a can. Sana'ar talla har yau da wannan dabara ta ke aiki, a ajiye kaya kusa da kyakkyawar fuska ko daddaɗan kiɗa har daɗin ya manne wa kayan, ba a faɗi kome a kan ingancinsu ba. Wannan kuɗi kurum ya ke ci. Wanda ya fi shi haɗari shi ne yaron da ya tashi yana jin muryar manya ta sauya duk sa'ad da aka ambaci wata kabila ko mutanen wani gari. Ba a ba shi hujja ko ɗaya ba, bai ma taɓa zama da su ba, amma ya girma yana jin ƙyama in ya ji sunan, yana kuwa tsammani ra'ayinsa ne. Ba laifinsa ba ne da aka ɗaura masa. In ya yi ilmi, ya san yadda a ke ɗaurin, sa'an nan ya ƙi bincikawa, ya hana wani hakkinsa saboda ƙyamar nan, wannan kam nasa ne.

Saura mu ga ko abin da aka ɗaura yana kwantuwa. Cikin 1924 wata masaniya, Mary Cover Jones, wadda Watson ya ba shawara a aikinta, ta ba da labarin wani yaro Pita, ɗan shekara uku ba kaɗan, mai tsananin tsoron zomo. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuwa jefa masa zomon a cinya don ya saba ba. Ta sa ya riƙa ganin waɗansu yara suna wasa da zomo ba abin da ya same su. Sa'an nan in yana cin abincin da ya ke so, sai a ajiye zomon cikin keji can nesa, inda zai gan shi amma ba zai fasa ci ba. Kowace rana a matso da kejin kaɗan. Aikin bai tafi sumul ba, gama an yi wani lokaci da ya yi ciwo, wani babban kare kuma ya tsorata shi, tsoron ya komo, aka sake ja da baya. Likitocin da suka zo bayanta, irin su Joseph Wolpe cikin 1958, a kan wannan hanya suka gina maganin tsoro wanda a ke aiki da irinsa har yanzu. Shi Pita kuwa, aka yi ta matso masa da zomon har aka buɗe kejin, har ya taɓa shi, daga baya ya bar shi yana ɗan gatsar masa yatsu.